Mangwaron Inna a Hanyar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a layin 'yan wake a tambaye ni. Har Danladi maƙwabcin rumfata, mutumin Arikya da bai taɓa wuce Akwanga ba, ya tare ni yana cewa, "Oga Modu, yaya wancan kontiri ɗin? Sista naka ya ji sauƙi? Ka ba mu labari mana." Kowa ina gutsura masa ɓangaren da ba zai ba ni kunya ba, labarin shayinsu da dogon burodinsu. To na gaji da ɓoye-ɓoye, shi ya sa na zauna na rubuta shi duka, wanda zai yi dariya ya yi sau ɗaya mu huta.

Ga wanda bai san ni ba, wake da riɗi nake sayarwa a kasuwar Lafiya, shekara talatin ke nan. Idan ƙwari suka shiga wa mutum sito ni ake kira, kuma ba na ƙin wannan girman. Ku riƙe wannan, don ku san ba rashin sani ne ya kayar da ni ba.

Babbar yayarmu, Yaya Falmata, an kai ta aure Damagaram tun ina firamare. Ita ta goye ni. Rabonta da Lafiya tun rasuwar Inna, yanzu kuma ƙafa ta ƙi, ido ma ya kusa tafiya. Da aka raba gidan gado, wajen da bishiyar mangwaron Inna take ya faɗa rabon ƙanenmu Goni, shi kuma ɗakunan haya yake so ya gina. Da ƙyar na roƙe shi ya bari ta yi 'ya'yan bana. Ban san wanda ya kai mata labari ba, sai ga wayarta ranar wata Juma'a.

Ta ce, "Modu, an ce Goni zai sare mangwaron Inna."

Na ce, "Haka ne, Yaya. Ya riga ya sauke bulo."

Sannan ta ce, "To ka kawo mini na bana. Ba aike nake so ba, kai za ka kawo."

A duk shekarun nan ba ta taɓa roƙona komai ba, ni kuma shekara tara ina cewa zan je ban je ba. Zumunta a ƙafa take, tawa kuwa ta daɗe a zaune. Ranar Lahadi na hau bishiyar da kaina, da furfurata, matata Hauwa tana ƙasa tana salati. Na tsinke abin da yaran unguwa suka rage, guda arba'in da wani abu, ƙosassu amma ba su nuna ba. Muka naɗe kowanne a takarda, muka jera a kwali, na huda masa ramuka don ya sha iska. Hauwa ta cusa mini ƙullin gishirin Keana a jaka, ta ce a can ba su san gishiri mai ɗanɗano ba.

Motar Kano ta tashi bayan hantsi, bayan direba ya rantse sau uku cewa saura mutum ɗaya. Kwalin a kan cinyata na ɗora shi, na ƙi yarda a sa a but. Kusa da ni wani ɗan kasuwar citta ne, irin mutanen nan da suka je ko'ina kuma ko'ina an cuce su. Da ya ji inda za ni da abin da na ɗauko sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, mutanen boda ba su da wasa a kan kayan marmari. Tsagawa suke yi. Suka ga tsutsa ɗaya, duk kwalin ya tafi rami."

Na ce masa nawa lafiyayyu ne, da hannuna na zaɓa. Ya ce kowa haka yake faɗa. Kafin Saminaka taya ta fashe, muka zauna a gindin ɗorawa fiye da awa muna shan rake, shi kuma yana ta ƙirga mini mutanen da aka zubar wa kaya. Muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit yana jan carbi, ni kuwa tsutsa kawai nake tunani.

A Kano na sauka gidan Alhaji Sabo, tsohon abokin cinikina na wake. Ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ce masa mutanen da ba su san sakwara ba ban san me suke yi a duniya ba. Ya ce mutumin da zai tafi wajen Damagarawa da ƙafarsa ba shi da bakin yi wa kowa gori, ya kuma ba ni saƙo in gaya musu Kano tana gaishe da bayinta. Na yi barci mai daɗi a ɗakin baƙinsa, wanda ke jikin sitonsa na wake.

Da safe na ji ƙamshi yana fitowa daga kwalin. Na buɗe, na tarar guda ɗaya ya riga 'yan'uwansa nuna, gefensa ya yi laushi. Na sa wuƙa na tsaga. Ga su nan farare, uku ko huɗu, suna motsi hankalinsu kwance. Na dubi sauran, fatarsu sumul, amma wannan ma jiya haka yake. Alhaji Sabo ya riga ya fita kasuwa, da yana nan wataƙila da ya riƙe mini hannu. A kan tagar sito na hango gwangwanin ƙwayar nan da muke kira bom, wadda muke naɗewa a tsumma mu tura cikin buhun wake, ta riƙa fitar da iskar da ke kashe ƙwari. Hannuna ya riga hankalina. Na ɗauki guda, na ƙulle a hankici, na tura tsakiyar mangwaron. Ramukan da na huda da kaina na bi su da salatef, na naɗe kwalin da leda biyu kamar yadda nake wa buhu. Har wani daɗi na ji, na ce a raina bari mutanen boda su ga aikin gwani.

Motar Damagaram irin mai kujera layi uku ce, wadda but ɗinta yake haɗe da mazaunin fasinja. Yanzu da na san abin da ke cikin kwalin ban so shi a cinyata ba, sai na sa aka tura shi baya, ni kuma na kama gidan gaba. A kujerar ƙarshe mata biyu ne, uwa da 'yarta, suna komawa gida daga biki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na san abin ba na shaƙa ba ne, shi ya sa na nisanta shi da hancina, amma ban tsaya na tambayi kaina hancin wa na kai shi ba.

Muna wuce Kazaure uwar ta ce kanta yana sarawa. Direba ya ce rana ce. Kafin Daura 'yar ta fara amai, direba ya ce furar da suka sha a tasha ce. Ni ma na juyo daga gaba ina ba da shawara, wai su jiƙa ɗankwali su ɗora a goshi. Allah ya taimaka motar tsohuwa ce, gilasanta biyu ba sa rufuwa, iska tana ta kaɗawa ciki.

A bakin iyaka muka gama da ma'aikatanmu, muka shiga hannun nasu. Can duwan suke ce wa kwastan, kuma ba sa gaggawa, ba sa ɗaga murya, sai ka gaishe su sun amsa tukuna a fara magana. Bayan an duba takardu sai wani siririn ma'aikaci ya zo, wanda aikinsa duba tsirrai da kayan gona ne. Mushe suke kiransa, kamar yadda muke cewa oga, kuma daga harshensa na gane mutumin Maraɗi ne. Ya ɗaga murfin but, ya sunkuya, sai ya ja da baya da sauri ya toshe hanci. Ni ma daga inda nake na jiyo warin, kamar tafarnuwa da ta ruɓe. Ya sa kowa ya koma ta inda iska ke tasowa, ya dubi matan nan biyu da ke zaune a ƙasa sun riƙe kai, sannan ya nuna kwalin.

"Na wa ne wanga?"

Na ce nawa ne.

"Mi ka sa ciki?"

Na faɗa masa. Har na ƙara da cewa sana'ata ce, na san kan abin. Bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Baba, wake busasshe ne, shi kuwa mangwaro yana da rai, yana numfashi, yana gumi. Ka rufe shi cikin leda da ranar ga, ka ba ƙwayar ruwan da take so. Abin da za ta fitar cikin kwanaki ta fitar da shi yau, a bayan matan mutane."

Aka kwashi matan zuwa likita, wato asibiti a bakinsu. Shi kuma ya sa abin rufe fuska da safar hannu, ya ɗauki kwalin ya kai can bayan gini inda suke da rami. Na bi shi ina roƙo. Na ce a wanke su, na ce a bar mini ko biyar, na ba shi labarin Inna da bishiyar da Yaya Falmata, abin da ban taɓa zaton zan yi a gaban yaro sa'an ɗana ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya yanke ledar daga nesa ya ce in leƙa. Hankicin ya jiƙe sharkaf, ƙwayar ta zama toka, tokar ta bi takardun ta manne a jikin mangwaron, fatarsu duk ta yi baƙin tabo.

Ya ce, "Kana so tsohuwar ta sha wannan?"

Ina tsaye aka zuba su a ramin aka tura ƙasa. Garin neman gira na rasa ido.

Motarmu ta tafi ta bar ni, don an ce sai an ga yadda matan suka kwana. Na koma gefe na kira Hauwa, na ce ta duba ko akwai saura a can ƙololuwar bishiyar, ko guda biyu ne, in dawo in ɗauka. Ta ce, "Wace bishiya? Kana fita Goni ya kawo masu inji. Ya ce ai ka tsinke naka." Na zauna a kan wani dutse, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka.

Masauki na samu a gidan wani fatoma, Malam Jauro, inda direbobin manyan motoci ke kwana. Da ya ji ni Babarbare ne, shi kuma Bafulatani, sai ya samu abin yi. Ya ce tun kakanni an san Babarbare da son gwaninta, amma bai taɓa jin wanda ya yi wa mangwaro turare ba sai ni. Na ce masa mutumin da ya bar shanu ya koma gadin tabarmi ba shi da ta cewa. Duk da haka shi ya kai ni likita da yamma na duba matan. Na same su sun farfaɗo, uwar ma har tana cin abinci. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba, Malam. Amma jiƙa ɗankwalin nan da ka ce, bai yi aiki ba." Na gwammace ta zage ni.

Abincin mutanen can ba laifi. An ba ni kwaɗon zogale da suke kira kopto, da burodi dogo kamar sanda mai kankare dasashi. Shayi kuwa ba irin namu ba ne na kofi ɗaya ka tashi. Sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin gilashi, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma wanda ya tashi kafin na uku ya yi rashin ladabi. Mu a Lafiya da an yi haka da kasuwa ta watse ba a buɗe rumfa ba.

Washegari mushen ya kira ni, na zaci hukunci ne. Ashe wani fili ya kai ni, inda aka sauke buhunan busasshen barkono daga wata babbar mota. An lulluɓe su da tamfal, an danne gefe-gefe da jakunkunan yashi, an zagaye da igiya, ga allo da hoton ƙoƙon kai. Ya ce maganin iri ɗaya ne da nawa, amma a kan busasshen kaya, da awo, a fili, kuma kwanaki zai yi ba mai matsawa kusa. In an buɗe ma sai ya sha iska kafin a taɓa. Ɗanyen kaya irin mangwaro da tumatir kuwa hanyarsu daban ce. Ƙuda ne ke huda fatar ya saka ƙwai tun a kan bishiya, don haka masu fitar da shi ƙasashen waje ko dai su tsoma shi a ruwan ɗumi da aka auna zafinsa, ko su sa shi a ɗaki na musamman. Na tuna sitona na Lafiya, inda nake tura bom a buhu maigadi kuma ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ya miƙo mini takarduna ya ce in gaishe da tsohuwa.

Daga nan zuwa Damagaram ta Matamai hanya ce shimfiɗaɗɗiya, amma ban ga komai ba, lissafin abin da zan faɗa nake yi. Da muka sauka sai na tsinci kaina a kasuwa. Na zaɓi mangwaro mafi kyau da na gani, manya masu aure, jajaye, ba tabo ko ɗaya. Na nemi kwali, na nemi takarda, na naɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kayan yana kallona. Na ce a raina ai Yaya ba ta gani, kuma rabonta da na Inna ya kai shekara ashirin.

Gidan Yaya Falmata yana cikin tsohon gari, lungu cikin lungu. 'Yarta Zara ce ta shigar da ni. Na sami Yaya a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance har na kusa rashin gane ta. Da ta ji sallamata ta miƙo hannu biyu, ta shafa fuskata, ta kama gemuna.

Ta ce, "Modu, har da kai a tsufa?"

Hausarta ta koma ta can, amma yadda take kiran sunana na gidanmu ne. Ta tambayi Hauwa da yara, ta tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, rabinsu na ce sun rasu. Na ba ta gishirin, ta lasa ta yi murmushi. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Ina saƙona?"

Zara ta wanke guda ta miƙa mata. Ta juya shi a hannu, ta auna nauyinsa, ta kai hanci. Ta gatsa, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Sannan ta ajiye shi a kan faranti.

Ta ce, "Bishiyar Inna ba ta taɓa yin mangwaro mai daɗi haka ba."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, tawa ko furen ba ta yi ba. Na zauna na faɗa mata komai, tun daga ɗan kasuwar citta har ramin bakin iyaka. Da na zo kan hankici da salatef sai ta fara dariya, ta yi ta yi har tana tari, hawaye yana bin kuncinta.

Ta ce, "Kai, Modu. Don tsutsa? Yaushe mangwaron Inna ya taɓa rabuwa da tsutsa? Ga tsami, ga zare, sai mun yanke gefen mu yar mu sha sauran. Da ka kawo mini shi da tsutsarsa."

Na ce ai da sun ƙwace a boda. Ta ce da dai na gwada. Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta tambayi bishiyar. Wannan karon ban yi mata ƙarya ba. Ta shiga murza gefen tabarma da yatsa.

Can ta ce, "Da suka zuba su a ramin, ko ƙwallo ɗaya ba ka ɗauko ba?"

Wallahi sai a lokacin abin ya zo mini. Na tsaya a bakin ramin nan ina roƙon a bar mini abin sha, ban tuna akwai abin shukawa a cikinsa ba.

Kwana shida na yi a wajenta. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai labarin da, wanda ni na manta ita tana riƙe da shi har da sunayen awakin Inna. Ranar da zan taho ta riƙe hannuna ta ƙi saki har direba ya gaji da hon.

Na dawo na tarar Goni ya kai gini linta. Da ruwa ya sauka na shiga bin bayan katangu da bakin kwatoci a unguwarmu, don shekara da shekaru yara suna jifar bishiyar nan suna yar da ƙwallo inda suka ga dama. Na samu tsiro bakwai, na dasa a gwangwanayen madara a bayan ɗakina. Sai dai unguwar ba bishiyar Inna kaɗai ke cikinta ba, kuma tsiron mangwaro duk kamarsu ɗaya. Na kira Yaya na faɗa mata. Ta ce in rene su duka, wanda ya yi tsami da zare shi ne namu, in kawo mata na fari.

Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan shekara biyar ko shida kafin ya yi 'ya'ya. Yaya Falmata ta haura saba'in. Na ce mata to, ita ma ta ce to, muka shiga gaisuwar yara.